Kujera Mai Dogayen Ƙafafu

A asibitin nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganin Sista a zaune, in ka cire ranar da aka ɗauki hoton ma'aikata. Ko a hoton ma gefen mayafinta ya ɗan dushe, don ta fara tashi kafin mai hoto ya gama. Shekara talatin da huɗu ta yi a ɗakin jinyar maza. Ta shiga tana siririyar nas da ake aika ɗauko tasa, ta kai ga ita ce babbar ɗakin, mai riƙe da makullin kabad ɗin magani. A gabanta Sista ake ce mata. A bayan idonta kuwa Guguwa ce, kuma ta san da sunan, ba ta ma ƙi shi ba.

Shayi a tsaye take shan sa, rabin kofi, sauran ya huce a bakin taga har mai shara ta zo ta zubar. Akwai wani ƙaramin agogo da take maƙalawa a ƙirjin farar rigarta, irin wanda ake ɗagawa a duba ana riƙe da wuyan hannun marar lafiya. Yatsu biyu a kan jijiya, ido a kan agogo, daƙiƙa goma sha biyar, ta ninka sau huɗu a ka, ta wuce gado na gaba. Mutane da yawa suna yawo da ƙafafunsu yau saboda wannan saurin nata, gaskiya a faɗe ta. Sai dai in ka tare ta a hanya ka ce kai ne na gado na bakwai da ta yi jinya bara, za ta yi maka murmushi, ta tambayi jiki, amma tana tafiya.

Da Allah ya tashi haɗa ta da miji, sai ya haɗa ta da kafinta, mutumin da zai yi rabin awa yana shafa katako kafin ya ɗora masa zarto. Shagonsa yana ƙarshen layinsu, in ka fito gida ka yi dama, ka wuce kantin kayan masarufi da shagon tela, ka tsallake kwata. A duk duniya shi kaɗai ke kiranta Guguwa a gaban idonta, kuma yana faɗa yana dariya. Ba a taɓa jin kansu ba. Ina za a ji, tunda faɗa ma yana son lokaci? 'Ya'yansu uku sun tashi sun iya gajarta magana tun suna ƙanana. Duk wanda ke da buƙata yakan shirya ta tun da wuri, ya tare ta tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar gida. A nan Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta gaya mata ta ci jarrabawa, a nan kuma bayan shekaru ta gaya mata tana da ciki. Duka biyun Sista ta yi murna ƙwarai, tana saka takalmi.

Akwai wata safiya da Sista ba ta taɓa ba kowa labarinta ba. Wata bakwai kafin ta fara hutun barin aiki aka yi ta.

Ranar Laraba ce, bakwai saura kwata, kuma ƙarfe bakwai daidai masu aikin dare ke miƙa mata ɗaki. Ta fito da jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa, ta tarar da Kafinta zaune a bakin gado yana kallon hannunsa na dama. Ya ce mata hannun ya yi masa nauyi. Ta ce kwanciya ya yi a kansa. Ta ɓallo farasitamol biyu ta sa masa a tafin hannun hagu, ta ce in ta dawo za ta duba, ta fita. Ba ta ce ya ɗaga hannuwansa biyu ta gani ba. Ba ta ce ya yi murmushi ta duba bakinsa ba. Ita ce fa ke koya wa sababbin nas-nas waɗannan alamomi, ita ce ta liƙa takardarsu a bangon ɗakin jinya da hannunta, har ta ja layi a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa kowane minti yana da daraja. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi maƙwabta suka shigo da shi asibitin a kan gadon turawa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Likita ya tambayi yaushe abin ya fara. Maƙwabtan suka ce ba su sani ba, faɗuwarsa kawai suka ji. Sista tana tsaye a wurin, tana ɗaura masa ƙarin ruwa, ta yi shiru.

Ya rayu. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, magana ma ta dawo, amma da ƙyar, kalma ɗaya sai an huta kafin ta biyu. Hannun dama kuwa, hannun da ke riƙe zarto shekara arba'in, ya lanƙwashe a kan cikinsa bai ƙara buɗewa ba. Sista ta san lissafin. Ta san abin da kusan awa biyar ke yi wa ƙwaƙwalwa, ta kuma san abin da ake iya cetowa in an zo da wuri. Wani zai iya lallashin kansa da rashin sani, ita ba ta da wannan mafakar. Kafinta bai taɓa tayar da zancen ba, kuma ta rasa gane ko ya manta ne, ko kuwa ya tuna ya ajiye.

Sai ta yi abin da ta iya, ta mai da gidan ɗakin jinya. Ta zana jadawali a babbar takarda ta liƙa kusa da firij: awon jini safe da yamma, magani, motsa yatsu, matsa ƙwallon roba, sai tafiya. Tafiyar ita ce babba. In sun fito gida hagu suke yi, wajen filin makaranta, don hanyar a shimfiɗe take ba kwata ba gangara. Sanda a hannunsa na hagu, ita kuma tana riƙe da na dama, a wuyan hannu, yatsu biyu a kan jijiya. Taku arba'in a makon farko, sittin a na biyu, har suka kai ɗari da hamsin. Tana ƙirgawa a fili. In ya tsaya sai ta ɗaga agogon ƙirjinta ta duba, ta ba shi minti ɗaya. In ya buɗe baki yana neman kalma, sai ta taya shi nema, don ganin wahalarsa yana sukar ta. Ya ce "Ina so…" ta ce ruwa, ta miƙa masa gora. Ya ce "Mu je…" ta ce gida, ta juya shi. Shi kuma sai ya dube ta ya sha ruwan.

Dangi da maƙwabta kuwa suka ɗauki yabo. Kowa ya zo dubiya sai ya ce Kafinta ya yi sa'ar mata, ga asibiti a cikin ɗakinsa. Yayarsa ta kama hannun Sista tana hawaye, ta ce da ba ita ba ce a kusa da tuni wani zance ake yi. Sista ta ce ikon Allah ne, ta shige kicin ta tsaya gaban famfo ta bar ruwa yana zuba. Zagi da ya fi mata sauƙi.

Ana cikin haka takardar ritaya ta iso. Doka ta ce sai ta yi hutun wata uku kafin ranar ƙarshe, hutun da ta yi shekaru tana turawa gaba yana taruwa. 'Yan ɗakin jinya suka haɗu suka saya mata bargo mai laushi da kofin shayi mai murfi, wai yanzu sai ta shanye shi da zafinsa. Wadda za ta gaje ta, wata mai sanyin hali da ake kira Doguwa, ta karɓi makullin kabad da hannu biyu, ta ce Allah ya sa hutawa ce. Sista ta ce amin. Da wane ido za ta huta, mutum yana zaune a gida da mataccen hannu saboda ta ƙi ba shi minti biyu?

Ranar Litinin ta farko ta tashi da asuba ta goge farar riga kafin ta tuna babu inda za ta. Ta rataye ta, amma ta cire agogon ta maƙala a rigar gida. Da can da yamma kawai take samun Kafinta, yanzu kuwa ga yini sukutum a hannunta, sai ta zuba masa shi duka. Tafiya ta koma sau uku a rana. Ƙwallon roba ya koma kowace awa. Ta ja sabon layi a jadawali da jan biro, ta rubuta taku ɗari uku kafin ƙarshen wata. Tsakanin wannan da wancan ta wanke labulayen gidan kaf, ta jera magunguna bisa haruffa, ta goge bayan firij inda babu mai gani. In ta kuskura ta jingina da bango na ɗan lokaci, sai safiyar Laraba ta zo ta same ta a nan, don haka ba ta jingina.

A rana ta tara Kafinta ya ƙi tashi. Ta miƙa masa sanda, ya karɓa, ya sunkuya a hankali ya tura ta ƙarƙashin gado da ƙafarsa mai lafiya, ya gyara zama. Ta auna jininsa, lafiya lau. Ta duba idonsa, ta ce ya ɗaga hannu, ta ce ya yi murmushi, duk abin da ba ta yi ba ranar da ya kamata. Ya ɗaga hannun, murmushin ne ya ƙi yi. Ta lallashe shi, ta yi masa faɗa irin na asibiti, ta gaya masa abin da ke samun ƙafar da aka daina takawa. Ba ƙarya ta yi ba, ta ga irinsu da yawa: mako biyu a kwance gwiwa ta sandare, wata biyu sai ciwon kwanciya, daga nan sai yadda Allah ya yi. Ya saurare ta har ta gama, ya juya fuska wajen taga. Kwana uku ana haka, sandar tana ƙarƙashin gado, jadawali ba a cike ko gida ɗaya ba.

Rana ta uku ta ce bari ta leƙa asibiti ta ɗauko wani abu da ta manta. Babu abin da ta manta. Ta tarar da ɗakin jinya yana tafiya sumul, abin da ya ba ta haushi fiye da yadda ta zata. Doguwa ta matsar da teburin magani kusa da taga, kuma, abin takaici, ya fi kyau a can. Aka tarbe ta da murna, aka jawo mata kujera kamar baƙuwa, ana cewa ta zauna mana. Ta dafa bayan kujerar tana amsa gaisuwa, idonta ya faɗa kan bango. Takardar nan tana nan inda ta liƙa ta, har da layin da ta ja. Ta ce ta bar abu a wuta, ta fita.

Da ta dawo gida ta tarar da takalman Auta a ƙofar ɗakin uban. Ta leƙa ta gan su zaune, Auta ta ajiye jaririnta a kan bargon nan mai laushi, ta tallabe haɓa tana kallon bakin babanta, shi kuma yana ta fama da kalmomi. Sista ta shiga kicin ta ɗora ruwa, ta sauke, ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Sai da aka yi kusan awa ɗaya sannan Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mama, ba tafiyar ce ya ƙi ba. Hanyar hagun ce ya gaji da ita. Shago yake so ya je."

Sista ta ce ai da sai ya faɗa.

"Wata biyu ke nan yana faɗa miki. Kina ƙarasa masa."

Ba da faɗa Auta ta yi maganar ba, a gajarce dai ta yi ta, yadda aka saba a gidan, kuma shi ya sa ta shiga. Sista ta fara jero dalilai: shagon ya fi taku ɗari huɗu, ga kwata, ga gangara, ga babura, kuma me zai je yi a can, ya kalli zarto ya tayar wa kansa hawan jini? Auta ta ce ita dai saƙo ta kawo. Ta goya ɗanta, ta ce mijinta na jiranta, ta tafi ta bar uwar da soso a hannu.

Washegari da hantsi Sista ta durƙusa ta zaro sandar daga ƙarƙashin gado, ta share mata ƙura, ta ce, "Baban Auta, tashi mu yi dama." Ya dube ta ya daɗe, sannan ya miƙo hannu.

Tafiyar da yaro zai yi cikin minti biyar, minti hamsin ta ci musu. Ba ƙafar ce ta ja lokacin ba, mutane ne. Mai kanti ya fito ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. Tela ya tsayar da keke ya leƙo, Kafinta ya tsaya sai ya tambaye shi ƙafar teburin da ya gyara masa, tambayar da ta ɗauki minti uku kafin ta fita daga bakinsa. Telan ya jira ta har ƙarshe, ya amsa, suka yi dariya. Sista tana gefe tana jin kamar tururuwa na bin ƙafarta. Ta riƙe wuyan hannunsa, ta ɗaga agogo ta duba, ta sake dubawa. A karo na uku Kafinta ya jingina sandarsa da bango, ya miƙo tafin hannunsa na hagu a buɗe. Ta ɗauka ruwa yake so. Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinta. A gaban tela, tsakiyar layi, babbar nas ta ɗakin maza ta cire agogonta ta miƙa, ya jefa shi aljihu ya ɗauki sandarsa. A bakin kwata ya daɗe yana auna ta da ido, ya tsallake da ƙafa mai lafiya, ya jawo ɗayar.

Mai fenti, tsohon abokinsa da ke shagon kusa, shi ke ajiye da makulli. Ya buɗe musu, ya ture ƙofar ƙarfen, ya koma bakin aikinsa ba tare da yawan magana ba. Cikin shagon yana nan yadda aka bar shi wata bakwai da suka wuce. Dusar katako a ƙasa, zartuna uku a jikin ƙusoshi, gwangwanin gam, tef ɗin awo da guntun fensir a kan teburin aiki. Sista ta lura rabonta da shigowa nan tun Auta tana firamare, kuma ko a lokacin daga bakin ƙofa ta miƙa saƙo. Kafinta ya wuce can ƙurya, ya kama gefen wani tsohon zane da aka rufe abu da shi, ya ja.

Kujera ce. Jan katako, mai faɗin mazauni, bayanta ya ɗan kwanta, an goge ta har tana sheƙi duk da ƙura. Hannunta ɗaya a haɗe, ɗayan yana ajiye a kan mazaunin. Amma ƙafafunta sun yi tsawo ba kaɗan ba, duk wanda ya hau sai ƙafarsa ta yi lilo. Sista ta tambaya ko aikin wani ne da bai karɓa ba, a kira shi a ba shi haƙuri. Kafinta ya zauna a kan benci ya huta. Daga nan ya fara bayani, ita kuma ta cije leɓenta na ƙasa don kada ta taya shi.

Ya ce tata ce. Tun ranar da ta gaya masa shekarar ritayarta ya sayi katakon. Ya ce kujerar kasuwa da ƙiyasi ake yanke ta, kowa ya zauna ya yi haƙuri da ita. Amma kujerar mutum ɗaya, sai an zaunar da mai ita an auna daga diddige zuwa bayan gwiwa, sannan a yanke ƙafafun. Wata biyar ya yi yana yawo da tef ɗin awo a aljihu a cikin gidansa, yana jiran ya same ta a zaune.

"Ban… samu ba," in ji shi.

Da wani ne ya ba ta labarin da ta yi dariya. Ta dubi dogayen ƙafafun nan huɗu, ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta tambayi me za ta yi, don tambayar da ta iya ke nan. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya nuna mata gwangwanin gam. Ta buɗe, ya shafa da hagu a cikin ramukan, a karkace, yana ɓata gefe, ya nuna mata yadda za ta zura hannun kujerar. Ya ce ƙarfen matsewa ba ya kama lanƙwasa irin wannan, kuma yana barin tabo, sai dai a riƙe da hannu biyu har gam ya kama, sannan a ɗaure. Ta danna da ƙarfinta ta tambayi minti nawa. Ya ce sai ya kama.

Haka ta tsaya a sunkuye, hannu biyu a kan katako. Babu agogon dubawa, babu kwanon wankewa, ba ta da ikon ko gyara mayafi. Tana jin ƙarar burushin Mai fenti ta bango, tana jin numfashin mijinta. Safiyar Laraba ta zo ta same ta kamar yadda ta saba, kuma wannan karon babu inda za ta gudu. Ba ta shirya ba ta ji bakinta yana magana. Ta gaya masa duka tana kallon gam ɗin da ke tsattsafowa ta gefen haɗin: cewa ta san alamomin, cewa minti biyu sun isa ta gane, cewa da ta kai shi a lokacin wataƙila da wannan hannun yana riƙe da zarto yau, cewa likita ya tambaya ta yi shiru. Ta ce kowa yana yabonta, ita kuwa ta san ita ce. Hawaye ya gangaro mata har haɓa, ba hannun sharewa.

Da ya fara magana, kowace kalma sai da ta jira ta.

"Na tuna. Takalmi ɗaya… a ƙafarki."

Ya huta.

"Tun asuba ne. Har bakina… na ji ya yi nauyi. Ƙafa ma. Na ga kina… duba agogo. Sai na zaɓi… gajere. Na ce hannu."

Ta zaci in ta faɗa za ta ji sauƙi, ko ya yafe ko ya zage ta. Wannan ba ta zata ba. Ashe mutumin yana jin jikinsa yana mutuwa, amma ya tsaya yana tace magana don kada ya makarar da ita. Ba safiya ɗaya ba ce laifinta, shekara talatin da huɗu ce ta koya wa gidanta kada a tsayar da ita, kuma sun koya da kyau. Riƙonta ya fara sassautawa a kan katakon. Ya miƙo sanda ya taɓa gwiwar hannunta, ya ce kada ta saki.

Ya ce ya yi fushi, ba zai ɓoye mata ba. Wata uku ya yi yana fushi, da ita, da kansa, da hannun. Ya ce wannan ya wuce, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa, kuma taku dubu ba zai dawo da hannun ba, ta daina biyan bashin da jikinsa. Abin da bai wuce ba guda ɗaya ne. Ya ɗaga mataccen hannun da mai lafiyar, ya nuna mata wuyan hannun, daidai inda yatsunta biyu ke zama.

"Wata bakwai… nan kawai kike riƙewa. Ni ba… gado na bakwai ba ne."

Ta ci gaba da riƙe katakon har kafaɗunta suka yi tsami, har ya matso ya latsa haɗin da babban yatsa ya ce ya kama. Ya nuna mata wata tsohuwar robar taya, ta naɗe haɗin yadda ya ce, sau biyu tana kuskurewa yana sa ta warware. Ya ce ƙafafun kuma ba aikin yau ba ne. Da hagu zai yanke, ita tana riƙe masa, kuma ba ya jin zai iya fiye da ɗaya a rana. Ƙwaƙwalwarta ta fara lissafi da kanta, ƙafa huɗu, kwana huɗu, taku ɗari takwas zuwa da dawowa, ninkin abin da ta rubuta da jan biro har ya ɗora. Ta kama kanta tana yi, ta bari.

Ya laluba aljihu. Ta ɗauka agogon zai mayar mata, sai ga tef ɗin awo, wanda ke kan teburin aiki ɗazu. Ya nuna mata benci da haɓa.

"Zauna, Guguwa."

Rabon da ta ji sunan a bakinsa tun kafin safiyar nan. Ta zauna a ɗofane, a bakin bencin, kamar mai jiran a kira ta. Ya ce ba haka ba, ta matsa ciki, ta cire takalmi, ta sauke diddigenta a ƙasa, ta saki kafaɗa. Ya jawo wata 'yar gajeriyar kujera ya zauna a gabanta da ƙyar. Ya sa ta take bakin tef ɗin da diddige, ya ja shi sama da hagu har bayan gwiwarta, ya ƙura wa lambar ido. Ya ɗauki guntun fensir ya rubuta a jikin bencin, rubutun hagu mai rawa kamar na ɗan aji ɗaya. Ya sake ja, ya sake dubawa, lambar ba ta canja ba. Ta gani sarai, don idonta ya saba karanta awo daga nesa. Ta dafa benci za ta miƙe.

"Ban gama ba," in ji shi.

Ta dubi lambar da ya rubuta, ta dubi tef ɗin da ya riga ya saki ya naɗe kansa. Babu sauran abin aunawa, kuma ya san ta sani. Ta ɗauke hannunta daga kan bencin, ta miƙa ta kamo hannunsa na dama, ta wuce wuyan hannun, ta zura yatsunta cikin lanƙwasassun yatsunsa. Da sanyi, da nauyi, kuma bai iya matse nata ba. Tana jin agogonta yana bugawa a aljihunsa. Ta ce to, ya auna a hankali.